SHUGABA DA JARRABAWAR RAYUWA: DARASI DAGA SARDAUNA DA GARIN MUBI

Cikakken bayanin lacca domin shugabannin 'yan Arewa mazauna garuruwan Kudu

 

Abin da wannan lacca za ta yi magana a kai shi ne halin da shugaba yake shiga idan jarrabawa ta same shi a kansa, alhali kuwa ga nauyin jama'a bisa wuyansa. Hausawa suna cewa babba juji ne, kowa ya zo da shara sai ya zuba. Amma an cika mantawa cewa shi ma babban yana da tasa sharar da ya rasa inda zai kai. Yana yin ciwo, ana yi masa rasuwa, bashi yana hawansa, ana ƙulla masa sharri, yana neman abu ya rasa. Duk da haka da gari ya waye zai tarar da mutane a zaure suna jiransa, wannan an kama yaronsa, wancan motarsa ta faɗi da kaya, ga gawar baƙo ba a san danginsa ba. To, da me irin wannan mutum zai riƙe hankalinsa da lafiyarsa da mutuncinsa? Za a nemi amsa a cikin tarihin marigayi Alhaji Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa, da kuma tarihin garin Mubi na Jihar Adamawa, wanda ya taɓa zama hedkwatar lardin da aka sa wa sunansa.

MARAICI DA RASHIN SARAUTA

An haifi Ahmadu a garin Raba, ƙasar Sakkwato. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Raba, jika ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Yana ɗan shekara shida mahaifin ya rasu, ya tashi maraya a hannun 'yan'uwa. Ya yi karatu a Sakkwato, daga nan ya shiga Kwalejin Katsina a 1926, ya fita a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato har 1934, lokacin da aka naɗa shi Sarkin Raba.

A 1938 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya rasu. Ahmadu yana cikin waɗanda suka sa rai ga gadon, yana saurayi mai jin ƙarfi da ilmin zamani, ga kuma asali. Allah bai nufe shi da ita ba, aka naɗa ɗan'uwansa Abubakar, wanda ya yi shekara 50 yana sarauta, har 1988. Shi kuwa Ahmadu aka ba shi sarautar Sardauna, wadda sabon Sarkin Musulmi ya bari, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin ƙasar Sakkwato. Duk wanda ya san gidan sarauta ya san zafin wannan rashi, ya kuma san yadda 'yan kanzagi suke kewaye wanda ya rasa, suna zuga shi, su kuma koma gun wanda ya samu su kai tsegumi. Haka aka yi ta yi tsakanin Gusau da Sakkwato har zumunci ya yi tsami.

Bayan wannan akwai wani ciwon na cikin gida. Ɗa namiji da Allah ya ba shi ya rasu tun yana ƙarami, 'ya'yan da suka rayu mata ne. Ga mutumin da ya fito daga gidan da ake lissafin gado ta wajen maza, wannan abu ne da yake ci a zuci, ko da ba a furta ba.

SHARI'AR JANGALI

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a 1943. Aka zarge shi da cin kuɗin jangali, watau harajin shanu da ake karɓa daga Filani. Aka gurfanar da shi a majalisar Sarkin Musulmi, aka same shi da laifi, aka yanke masa ɗaurin shekara guda. A duba fa, jinin Shehu ne, hakimi mai ji da kansa, ga shi an kira shi ɓarawo a gaban jama'ar da yake mulki.

Abin da ya yi a wannan hali shi ne abin lura. Bai tara magoya baya domin a ta da fitina ba, bai kuma bar ƙasa ba. Ya bi hanyar doka ya ɗaukaka ƙara, tsofaffin abokansa na Kwalejin Katsina suka tsaya masa, aka saurari ƙarar a babbar kotu a Zariya, aka wanke shi sarai. Lauyan da ya tsaya masa kuwa Bayarabe ne, Cif Bode Thomas, mutumin ƙasar Oyo, wanda daga baya ya zama jigo a jam'iyyar Action Group, babbar abokiyar hamayyar jam'iyyar Sardauna. Ya kamata ɗan Arewa mazaunin ƙasar Yarbawa ya riƙe wannan a ransa, domin ranar da ta ɓaci ba a san ta hannun wanda Allah zai kawo agaji ba.

Bayan an wanke shi sunansa ya ƙara fitowa a Arewa, matasa masu ilmi suka riƙa ganinsa a matsayin wanda aka zalunta ya yi nasara. Da ya so, da ya mai da wannan farin jini makamin ramuwa. Maimakon haka aka sasanta shi da Sarkin Musulmi, ya koma Sakkwato ya ci gaba da aikin En'e a ƙarƙashinsa. A 1948 ya tafi Ingila koyon sha'anin mulkin ƙananan hukumomi, a 1949 ya shiga Majalisar Wakilai ta Arewa, a 1954 ya zama Firimiya. Har a lokacin da sarakunan Arewa duka suke ƙarƙashin gwamnatinsa, bai daina ba Sarkin Musulmi Abubakar girmansa a bainar jama'a ba. Da ya riƙe ƙullin 1943 a zuciya, da ƙarfinsa ya ƙare wajen faɗan cikin gida, da kuwa Arewa ta yi asarar shugaba.

RANAR DA MUTANEN MUBI SUKA CE A'A

Ƙasar Mubi tana gindin duwatsun Mandara, kogin Yedzaram ya ratsa ta, mazaunanta sun haɗa da Fali da Gude da Filani da Margi da Higi da Hausawa. Turawan Jamus ne suka fara mallakar ta a cikin Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta koma hannun Ingila a matsayin ƙasar amana, Ingila kuwa ta haɗa yankin da Lardin Adamawa, ana juya shi daga Yola, wani sashen kuma daga Barno.

Da 'yancin Nijeriya ya matso, Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama a Arewacin Kamaru cikin watan Nuwamba 1959. Aka tambayi mutane, shin za su shiga Jihar Arewa ta Nijeriya idan an sami 'yanci, ko kuwa a ɗage maganar zuwa wani lokaci? A Kaduna an ɗauka cewa an riga an gama, domin shekara da shekaru ana mulkin yankin tare da Arewa. Da aka ƙidaya sai aka ga wajen kashi 62 cikin 100 sun zaɓi a ɗage. Wannan ya faru ana saura 'yan makonni a yi babban zaɓen tarayya na Disamba 1959, abokan hamayya kuwa suka samu abin yi wa Sardauna dariya.

Dalilin wannan ƙuri'a a fili yake. Mutanen yankin, musamman mazauna duwatsu, sun gaji da yadda ake naɗo musu hakimai daga nesa, da yadda ake karɓar haraji, da ƙarancin makarantu da asibitoci da hanyoyi. Sun ga cewa shiga Nijeriya a wannan tsari ci gaba da zama ƙarƙashin En'en Adamawa ne.

A nan ne aka ga amfanin abin da shekarun baya suka koya wa Firimiya. An san shi da zafin rai, abokan hamayyarsa na NEPU kuwa suna da nasu labarin game da yadda En'e-En'e suka matsa musu a zamaninsa, tarihi bai ɓoye wannan ba. Amma a kan maganar Mubi an ɗauki ƙuri'ar a matsayin ƙorafi mai dalili. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi a yi gyara, gwamnatin Arewa ta yi. Aka raba yankin da Yola, aka kafa masa En'e-En'e na kansa, ciki har da ta Mubi, aka sauke hakiman da jama'a suka ƙi, aka kuma yi alkawari cewa in sun zaɓi Nijeriya za su zama lardi mai cin gashin kansa, daidai da sauran lardunan Arewa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Cikin watan Fabrairu 1961 aka sake jefa ƙuri'a, wannan karon har da mata, tun kafin matan Arewa su sami damar zaɓe da shekaru masu yawa. Mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Jamhuriyar Kamaru. Ran 1 ga Yuni 1961 yankin ya shiga Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna, Mubi ce hedkwata. Kamaru ta kai Ingila ƙara Kotun Duniya, kotun ta ƙi yanke hukunci a kan maganar a 1963. Lardin ya shiga Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, Mubi ta koma Jihar Gongola a 1976, sannan Jihar Adamawa a 1991, har yanzu kuma akwai Ƙaramar Hukumar Sardauna a Jihar Taraba mai ɗauke da sunan. Ashe mutanen da suka kunyata shi a 1959 su ne suka yarda a kira ƙasarsu da sunansa bayan shekara biyu, saboda an saurari kukansu.

ABUBUWAN DA SUKA RIƘE SHI

In an duba rayuwar wannan bawan Allah za a ga ginshiƙai da ya jingina da su, waɗanda ba sai Firimiya ne zai iya mallakarsu ba.

Na farko ibada. Taken Jihar Arewa a zamaninsa shi ne Aiki da Ibada. Ya yi aikin Hajji a 1955, daga nan kuma ya riƙa komawa ƙasa mai tsarki a kai a kai, yana kusantar malamai irin su Shaihu Abubakar Gumi. Mutumin da yake tsayawa gaban Ubangijinsa sau biyar a yini yana samun wurin sauke abin da ba ya iya gaya wa kowa. Malamai suna tunatarwa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa matarsa Nana Hadiza da baffansa Abu Ɗalib a shekara guda, har aka kira ta shekarar baƙin ciki, ya je Ɗa'ifa aka jefe shi, bai kuwa ajiye aikin da aka ɗora masa ba.

Na biyu abokan gaskiya. Waɗanda suka tsaya masa a 1943 abokan makaranta ne da suka san shi tun ba shi da komai. Da irinsu ya yi aikin gwamnati, har ya yarda Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma tsohon ɗalibin Katsina ne, ya riƙe Firayim Minista a Ikko, shi ya zauna Kaduna, alhali shi ne shugaban jam'iyya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku motsa jiki. Tun a Katsina ya koyi wasan nan na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, bai kuma bar shi ba har yana Firimiya. Da la'asar yakan ajiye takardu ya shiga fili da ma'aikata da abokai, a yi gumi, a yi raha.

Na huɗu rashin yanke cibiya da gida. Yana da gona a Bakura, yana zuwa Sakkwato da Raba da Wurno, inda tsofaffi suka san shi tun yana yaro. Wanda yake komawa inda aka san asalinsa, kirarin maroƙa ba ya saurin ruɗinsa.

DARASI GA SHUGABAN DA KE BAƘUNTA

Shugaban 'yan Arewa a Kudu yana zaune tsakanin wuta biyu. Jama'arsa suna so ya nuna musu shi namiji ne, masu gari da hukuma suna so ya riƙe musu jama'arsa. An ga abin da ya faru a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Ile-Ife a 2017, da kasuwar Shasha ta Badun a 2021, inda ƙaramar husuma ta zama asarar rayuka da dukiya. A irin waɗannan ranaku kalma ɗaya daga bakin shugaba tana iya kashe wuta, tana kuma iya rura ta. Wanda ya kwana bai yi barci ba saboda bashi, ko ya fito daga gida da ɓacin ran iyali, shi ya fi kusa da furta kalmar da za a yi da-na-sani. Saboda haka lafiyar shugaba da kwanciyar hankalinsa dukiyar jama'a ce, kula da su yana cikin aikinsa.

Daga shari'ar jangali sai a koyi tsare amana a rubuce. Kuɗin ƙungiya, da na masallaci, da na jana'iza, da la'adar kara, kada su kwana a aljihu ɗaya da kuɗin shugaba. A sa ma'aji dabam, a ba da rasit, a karanta lissafi a gaban mutane. In har an iya ƙulla wa jikan Shehu zargi, babu wanda ya fi ƙarfin a ƙulla masa, ranar kuwa takarda ce za ta yi magana. In zargin ya zo, a bi shi ta hanyar shari'a da dattawa, a hana yara ɗaukar makami da sunan kare maigida.

Daga rashin sarautar 1938 sai a koyi zama da wanda ya yi nasara. Sau nawa neman sarautar zango ko shugabancin kasuwa ya raba unguwa biyu, kowane ɓangare da masallacinsa, har a kai juna gaban 'yan sanda a garin mutane? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wanda ya rasa yau ya yi mubaya'a ya kama aiki, bai san abin da Allah ya tanadar masa gaba ba. Sardauna bai zama Sarkin Musulmi ba har ya bar duniya, amma Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Zariya a 1962 tana nan tana yaye 'ya'yan talakawa.

Daga ƙuri'ar Mubi sai a koyi jin ƙorafi. In jama'a sun juya wa shugaba baya, a zaɓen reshe ko a taron unguwa, abin da ya fi sauƙi shi ne ya kira su butulai. Abin da ya fi amfani shi ne ya bincika wane ne cikin wakilansa yake cutar da su da sunansa.

Game da jiki kuwa, hawan jini da ciwon sukari suna cin mutum a ɓoye, sau da yawa ba a sani ba sai ya faɗi. Awo a asibiti ba ya ɗaukar lokaci, kuma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Shugaba ya rage goro da shayin dare, ya sami sa'o'in barci, ya taka da ƙafa, ya naɗa wakili mai jin kukan mutane in shi ya gaza. In baƙin ciki ya yi masa nauyi har abinci da barci sun gagara, ya faɗa wa malaminsa ko amininsa ko likita, wannan ba ragwanci ba ne. Wanda iyalinsa suke Arewa ya riƙa zuwa gida yana ganinsu, kada hidimar mutane ta sa 'ya'yansa su tashi ba su san shi ba.

MUBI BAYAN SARDAUNA

An kashe Sardauna a gidansa na Kaduna ran 15 ga Janairu 1966, tare da matarsa Hafsatu, wadda ta ƙi rabuwa da shi. Garin Mubi kuma ya ga tasa jarrabawar. A farkon Oktoba 2012 aka kashe ɗalibai da dama a unguwar Wuro Fatuji. A ƙarshen Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka kama garin, suka sauya masa suna, dubban mutane suka gudu Yola, wasu suka hau duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru. Cikin watan Nuwamba na wannan shekara sojoji da mafarauta da 'yan banga suka ƙwato shi. Sarkin Mubi, Alhaji Abubakar Isa Ahmadu, ya koma fadarsa, komawar tasa kuwa ta ƙarfafa wa talakawa gwiwa su ma su koma. A Yola masallatai da majami'u sun ciyar da 'yan gudun hijira ba tare da tambayar addininsu ba. An sake kai hari masallaci a Nuwamba 2017, da kuma ran 1 ga Mayu 2018, aka yi asarar rayuka masu yawa. Duk da haka makarantu sun buɗe, kasuwa ta ci, shanun Mubi kuma suka ci gaba da sauka a kararorin Kudu, a hannun da yawa daga cikin masu sauraron wannan lacca. Limaman da suka sallaci gawawwaki, da masu unguwannin da suka sake tara jama'a, su ma sun rasa 'ya'ya da 'yan'uwa da dukiya a cikin wannan masifa, suka shanye suka tsaya.

Saboda haka akwai haƙƙi a kan mabiya. Wanda ya ga shugabansa ya yi shiru fiye da yadda ya saba, ko ya rame, ko an yi masa rasuwa, ya je ya gaishe shi ba da wata buƙata ba. A rage kai masa ƙananan ƙararrakin da dattawan layi za su iya kashewa. A daina kai masa tsegumin abokin takararsa. In ya yi kuskure a gaya masa a keɓe, cikin ladabi.

Allah ya jiƙan Sardauna da sauran magabata, ya jiƙan waɗanda suka rasu a Mubi da sauran garuruwa. Allah ya ba shugabanni lafiya da haƙuri da mashawarta na gari, ya zaunar da baƙi da masu masaukinsu lafiya, ya mai da kowane matafiyi gida da alheri. Amin.